Mai Riƙe Bakin Igiyar Awo

Duk ɗalibin da jami'a ta taɓa turo mini istaj, wato watannin koyon aikin da ake yi kafin a karɓi takardar gamawa, tambayarsa ta farko ita ce ina teburinsa. Sai in ja shi bayan biro, wato ofishinmu, in nuna masa wata tsohuwar moto, babur ke nan, da aka jingine da bango don ƙafarta ta karye tun zamanin wanda na gada, in ce masa ga teburin nan, mazaunin baya nasa ne. Wasu su yi dariya. Masu hankalin cikinsu kuwa sai su duƙa su dubi tayoyin.

Malamin gona nake, ko in ce na kasance, a Magariya da farko, daga baya a Dungas. Yawancin aikin ba abin ba da labari ba ne: iri, taki, maganin tsutsa, da taron da ake kira da safe a fara bayan azahar. Amma akwai ɓangare guda da kowa yake fata ya faɗo ranar da ba ya gari, shi ne awon ɓarna. Dabbobi su shiga gona, mai gari ya aiko, ka je ka auna abin da aka ci, ka rubuta, manya su zauna a kan abin da ka rubuta su yi sulhu. Ku ƴan jami'a in aka yi muku wannan bayani sai ku ce ai tsawo ne sau faɗi, lissafin ƙaramin aji. Gaskiyarku, lissafin kam na ƙaramin aji ne. Sai dai a aji ba a tsaya maka a baya da gatari kana yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai dekamet, igiyar awon nan da ake naɗewa cikin gwangwani mai mariƙi, da ɗan zoben ƙarfe a bakinta. Akwai turakun ƙarfe na sa alama. Akwai kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Sai gorar ruwa, wadda ba a rubuta ta cikin jerin kayan da gwamnati ke bayarwa ba, ita kuwa ta fi dukansu aiki.

Awon farko da na halarta a wata gonar gyaɗa ne wajen Kwaya, ina bin marigayi Mushe Gambo, wanda ya koya mini aiki. Mushe ɗin nan daga Faransanci ne, haka ake kiran ma'aikacin gwamnati a wajenmu. Moto ta mutu mana a cikin rairayi. Mai gonar ya ji labari ya turo amalanken jaki ya ɗauke mu. Mushe Gambo ya yi godiya har da tambayar lafiyar jakin, sannan ya mayar da amalanken wayam, muka ƙarasa da ƙafa muna turin moto. A bakin gona matar mai gonar ta kawo fura, matar mai shanun ta kawo nono. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka, ya buɗe gorarsa ya sha ruwan da rana ta dafa, mai warin esansi, wato fetur, ya miƙo mini ragowar. Ina kallon ƙwaryar furar nan kamar in yi kuka. A hanyar komawa ya ce, "Yaro, in ka sha na wannan, wancan ya gani. In ka sha na dukansu, za a zauna a yi musu a kan ƙwaryar da ka fi jimawa a kanta."

Da aka zo awo na miƙa hannu zan kama igiya, ya buge mini hannu. Ya kira mai gona ya ba shi gwangwanin, ya kira mai shanu ya ba shi zoben, ya sa su suka ja da kansu, shi yana bin su yana kafa turke. Na ce ai ni ma na iya riƙewa. Ya ce, "Kai bik aka ɗauke ka ka riƙe." Sai daga baya ya fahimtar da ni: mutum ba ya ƙaryata awon da ya ja da hannunsa, kuma muddin yana riƙe da igiya, ya ajiye sandarsa. Abu na uku da ya koya mini shi ne, duk abin da ka gano a gona, ba a gona ake faɗinsa ba. A zauren mai gari ake faɗa, inda kowa yake zaune, takalmansa a waje.

Masu kiranmu kuwa mutane ne masu ladabi, ƙaryarsu ma da ladabi suke yinta. Ban taɓa auna geron da aka ci ba sai an ce mini shi ne ya fi kowane kyau a karkarar. Ban kuma taɓa haɗuwa da saniyar da ta shiga gona da nufin ci ba. Duk wucewa suke yi, wasu ma kamar azumi suke. Kada kuma ku ɗauka baƙin juna ne. Mai shanun yana da gonarsa, mai gonar yana da ƴan shanunsa a hannun mai shanun, kasuwarsu ɗaya, sahunsu ɗaya ranar Juma'a. Wannan ne ya sa a shekara mai kyau awon ɓarna yakan ƙare da zolaya. Wannan ne kuma ya sa a shekara mummuna ya fi ban tsoro, don kowa ya san ƙofar kowa.

A da, ɗaliban sukan iso mana da farkon damina. Kafin kaka ta yi sun koyi gaisuwa, sun san wane ne arɗo, wane ne liman, wane ne mai surutu da ba a jin maganarsa, wane ne mai shiru da ake jin tasa. Sun faɗi daga moto aƙalla sau ɗaya. Sai an yi wannan duka nake kai mutum awon ɓarna.

A shekarar da zan ba ku labari ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai. Gonaki suka tsaya da kara babu tsaba. Wake kaɗai ya ɗan yi, shi ma a kwari. A arewa ciyawa ba ta fito ba, saboda haka garkuna suka gangaro tun kafin ranar da hukuma take sanar da sakin gonaki. A wannan shekarar kuma guzurin istaj bai samu da wuri ba, ɗaliban suka yi ta jira a birni har damina ta wuce. Mutum ɗaya ce ta iso Dungas, da kuɗin motarta: Rakiya, ƴar wani tela a Damagaram, mai karatun harkar mulki. Doguwa, marar yawan magana, tana rubuta duk abin da na faɗa, har da abin da na faɗa wa moto. Ba ta cika mako da zuwa ba. Ban koya mata komai ba sai hanyar kasuwa.

Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo biro ko sallama bai ƙarasa ba.

"Mushe, a yi sauri. Sun ɗaure Buba."

Ƙauyen yana yankin Yekuwa, ba zan faɗi sunansa ba. Buba na san shi, magidanci ne mai shanu, rugarsu tana gabas da ƙauyen tun kakanni. Shanunsa sun shiga waken wani dattijo, Malam Sale, samarin gari suka kama shi a cikin gonar. Mai gari ya ƙetara iyaka ta'aziyya. Na aika wa jandarmomi, aka ce motarsu tana can wajen wani rikicin. A shekarar nan rikici ya fi mota yawa. Na ce wa Rakiya ta zauna ta tsare biro. Da na zagayo baya na tarar da ita zaune a kan moto, dekamet a cinyarta.

"Sauka, ƴata."

"Mushe, kai ka ce teburina ke nan."

Ba ni da lokacin musu. Muka tafi.

Abin da na fara dubawa da muka iso shi ne yara. Awon ɓarna kallo ne na kyauta, yara sukan riga ka isa, su hau bishiya, su yi ta ba ka shawara. Ranar nan babu yaro ko ɗaya. Babu mace ko ɗaya. An kulle su a gida, kuma ba a kulle yara don awo.

Ta yamma da gonar, gindin wata aduwa, samarin gari ne tsaitsaye da gatura da barandami. Buba yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannayensa ta baya da jikin aduwar, jini ya bushe masa daga goshi zuwa gemu. Ta gabas, a kan jigawa, danginsa ne a jere da sanduna, na kuma hango baka biyu ko uku. Tsakanin aduwa da jigawa gonar waken ce, rabinta a tattake.

Na kashe moto nesa da kowa, daidai tsakiya, na yi sallama gabas, na yi yamma. Yamma ce ta amsa, ita ma da ƙyar. Malam Sale ya matso. Tsoho ne siriri, mai gida cike da bakunan da zai ciyar, geronsa ya mutu kamar na kowa, waken nan shi ne abin da ya rage tsakanin iyalinsa da bazara. Bayansa babban ɗansa ne, Habu, da gatari a kafaɗa.

"Mushe, sannu da hanya," in ji Malam Sale. "Ka ga abin da aka yi mini."

"Na gani, Malam. Allah Ya mayar da alheri. A kwance mutumin nan mu yi aiki."

Habu ne ya amsa. "Ba a kwance shi sai an auna, an biya. In ba haka ba kuwa, su waɗancan na kan tudu su sauko su kwance shi mu gani."

Ya ɗaga murya yadda jigawa za ta ji. Jigawa ta ji. Na ga wani ya sauya wa sandarsa hannu.

Na ce to, a fara. Na ba Rakiya turaku na ce ta shiga ta sa alama inda ɓarnar ta fara, ni ina biye da ita. Ba ta yi nisa ba ta yi tuntuɓe, saura kaɗan ta faɗi. Ta waiwaya ta ga abin da ya kama ta, ta sa bakin takalminta ta share rairayi a ƙarƙashin yaɗon wake. Siminti ne. Ta ƙara sharewa. Ga jan fenti, ga fari.

Ku da kuka yi karatu kun san shi. Born ne, dutsen simintin da hukuma take kafawa a gefen burtali, hanyar da aka keɓe wa dabbobi, wadda doka ta hana a noma. Wani ya kayar da shi ya binne, gona ta ci gaba ta bisansa shekara bayan shekara. Ma'ana, daga inda muke tsaye har jigawa ba gonar Malam Sale ba ce. Hanyar shanu ce. Shanun Buba a kan hanyarsu suke.

Rakiya ta ɗago kai, fuskarta ta yi haske irin na ɗalibin da ya san amsa. Ta juya wajen mutane ta buɗe baki.

"Wayyo gwiwata!" in ji ni, na zube a kan dutsen, na baza babbar rigata ta rufe shi.

Ta duƙo a firgice. Muka yi magana da Faransanci, ƙasa-ƙasa.

"Mushe, born ne! Gonar nan cikin burtali take."

"Na iya karatu, ƴata. A kan darasin nake zaune."

"Doka tana tare da Buba."

"Tana tare da shi. Habu ma yana tare da shi, kuma ya fi ta kusa."

Ta dubi aduwa, ta dubi jigawa. Na ga lissafin ya shiga. In mutanen kan jigawa suka ji cewa an ɗaure ɗan'uwansu an fasa masa kai a kan hanyar shanunsa, ba mai tsayar da su. In samarin gari suka ji cewa waken ya tafi kuma ba ko ƙwaya da za a biya, a gaban jama'a, daga bakin wata yarinyar birni, ba mai tsayar da su. Kafin na farko ya ƙetaro gonar, gatari ya sauka a kan wanda ba zai iya ko kare kansa ba.

"To me zan yi?"

"Awo. Ke za ki yi. Ni na gurgunce."

"Ban taɓa yi ba."

"Su ma ba su sani ba. Yi a hankali. Lokaci muke saye."

Iyakar abin da na iya ce mata ke nan, don Habu ya riga ya iso. Ban taɓa gaya mata zancen Mushe Gambo da bakin igiya ba. Ina tsammanin akwai watanni a gaba. Ina zaune, rana a tsakar ka, wasu cinnaku da na rushe wa gida sun fara bi ta ƙafar wandona suna neman haƙƙinsu, kuma ban isa in motsa ba.

Habu ya fizge gwangwanin dekamet daga hannunta, ya kira wani abokinsa ya kama zoben. "To, ƴar lakwal, ƴar boko, rubuta."

"Ba zan rubuta ba," in ji Rakiya.

Ta ci gaba, kamar mai ba da hadda a gaban malami. Ta ce awon da aka yi babu ɗaya ɓangaren ba awo ba ne. Ta ce dole mai gona ya kasance, mai dabba ya kasance, kowa da hannunsa a sake, ya ga abin da aka auna ya yarda. In ba haka ba, takardar ko ta je gaban parfe, shugaban hukumar yankin, yagawa zai yi, ba wanda zai biya komai a kanta. Ashe suna da wannan a jami'a, da wani dogon sunan Faransanci. Abin da Mushe Gambo ya koya mini da bugun hannu, ita an koya mata shi a kan allo.

"Kun ji?" in ji Habu, ya juya wajen samari. "An turo mana alƙaliya da ɗankwali. Ke, kin taɓa ganin wake ba a cikin tukunya ba?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Ban taɓa ba, yaya," ta ce. "Amma na ga takardar da aka yaga."

Habu ya matso har inuwarsa ta rufe ta. Ban san abin da zai faru ba, ban kuma san abin da zan yi in ya faru ba, don tashina ya fi zamana haɗari. Sai na ga Malam Sale ya nufo ni, a hankali, yana ɗaga ƙafa kada ya taka waken. Ya tsaya a kaina. Ya dubi aduwa, ya dubi wani gawo da ke kudu, ya dubi inda nake zaune, kamar mai tabbatar da wurin da ya ajiye wani abu tuntuni.

"Sannu, Mushe. Ga inuwa can. A ɗauke ka?"

"Nan ya fi mini, Malam. Na sami wani ɗan wuri mai tauri da ya yi daidai da ni."

Ya daina motsi. Ni ma na daina. Cinnaku kam ba su daina ba.

"Za ka daɗe?"

"Sai an gama awo. In an gama lafiya, in tashi in kakkaɓe rigata in mayar da rairayi yadda na same shi. Abin da ya rage kuma a zaure za a faɗe shi, in mai gari ya dawo. Ba a gaban yaran nan ba."

Ya daɗe yana kallon gemuna. Sannan ya juya.

"Habu. Kwance shi."

"Baba!"

"Yarinyar nan ta fi ka sanin takarda. Kwance shi, ka ba ni gwangwanin."

Aka kwance Buba. Ya miƙe da ƙyar. Hannayensa sun kumbura sun mutu, zoben ya faɗi daga yatsunsa, ya sake faɗuwa. Rakiya ta ɗauka ta zura masa shi a babban yatsa kamar mai sa wa jariri awarwaro. Sannan ta yi abin da ko ni ban tabbata zan tuna in yi ba. Ta tsayar da Malam Sale a bakin yamma da gwangwani, ta ce wa Buba shi ne zai ja gaba. Gabas.

Yadda ake yi ke nan: mai zobe ya yi ta tafiya har igiya ta ƙare, a kafa turke a ƙafarsa, mai gwangwani ya taho ya tsaya a turken, mai zobe ya sake yin gaba. Samarin suka taso za su bi. Rakiya ta waiwayo ta ce duk wanda ya shigo zai tattake sawun shanu, kuma duk sawun da ya ɓace, daga haƙƙin Malam ya fita. Suka tsaya a gefe suna gunaguni. Su uku suka shiga gonar: mai jini a fuska a gaba, yarinya a tsakiya da turaku, tsoho a baya.

Suka wuce ni. Buba bai dube ni ba. Ina jin ƙarar igiyar tana fita daga gwangwani.

Tun daga turke na biyu jigawa ta fara motsi. Sun ga ɗan'uwansu yana tahowa da jini, biyu daga cikinsu suka fara gangarowa. A yamma na ji gatura suna sauka daga kafaɗu zuwa hannaye. Ni ina tsakiya a ƙasa, daidai inda za a haɗu. Na tuna cewa ban bar wa kowa makullin biro ba. Irin abin da yake zuwa wa mutum ke nan a irin wannan lokaci. Sai Buba ya ɗaga hannun da zoben yake, igiyar ta yi ƙyalli a rana, ya yi wa mutanensa tsawa da Fulatanci. Abin da na tsinta a ciki shi ne: ku tsaya, awo nake. Suka tsaya a inda suke. Ba su koma ba, amma sun tsaya.

Rakiya tana kafa turke, tana duƙawa tana karanta lamba, tana rubutawa a kaye, ba ta gaggawa, kamar dai lambobin suna da amfani. A ja na ƙarshe waken ya ƙare igiya ba ta ƙare ba. Buba ya tsaya a kan iyaka.

"Ƙara gaba, baba," in ji ta.

Ya ƙara.

"Ƙara."

"Kai!" Habu ya kwaɗa ihu daga yamma. "Ai gona ta ƙare! Baba, riƙe igiyar!"

Malam Sale yana tsaye da gwangwani a hannu. Yatsa ɗaya zai ɗora a kan mariƙin igiya ta tsaya. Ina kallon mariƙin yana juyawa. Ya bar shi ya yi ta juyawa har ya tsaya don kansa, a gindin jigawa. Buba ya duƙa, ya zare zoben daga yatsansa, ya ajiye shi a ƙasa, ya ɗora masa ɗan hoge kada iska ta ja. Sannan ya hau. Mutanensa suka rufe shi, suka juya, jigawa ta zama wayam.

Rakiya ta naɗe igiyar har ƙarshe, ta tattara turakunta, ta dawo inda nake, ta zauna a ƙasa ba tare da ta yi niyya ba. Na miƙa mata gora. Rabin ruwan a rigarta ya zube. Ban tashi ba sai da samarin suka watse sallar la'asar. Da na tashi kuwa gwiwar ta riƙe da gaske, sai da ta kama ni muka kai moto.

Da mai gari ya dawo aka zauna a zaure, da arɗo, da liman, kowa takalmansa a waje. Na bar Rakiya ta yi bayani, tunda ita ta yi awo. Ta faɗi abin da aka ci, sannan ta faɗi abin da ta yi tuntuɓe da shi. Malam Sale ya ce rairayin ƙasar nan yana binne abubuwa da yawa. Ba wanda ya musa masa. Aka yanke ya rore sauran wakensa, kada ya sake shuka wurin. Habu ya je har ruga ya ba da haƙuri a kan goshin Buba, ubansa yana biye da shi don kada ya ɓata hanya. Buba kuma ya ɗauki alkawarin kwana da shanunsa a ainihin gonar Malam Sale da rani, su zuba mata taki. Aka tono born aka tsayar.

Rakiya tana aiki yanzu a wata ma'aikatar magajin gari, an ce mini ba ta shan ruwan kowa. Bayanta ɗalibai sun yi ta raguwa, shekarar da aka turo, shekarar da ba a turo ba, har na ajiye aiki. Na kan ji masu yanke shawara suna cewa istaj ƙari ne, in abu ya yi ƙaranci shi za a fara yankewa, ai an koya musu komai a aji. An koya musu kam, ni shaida ne. Ba don abin da aka koya mata a aji ba, da ban san wanda zai kwance Buba ba. Amma da a ranar aka turo ta ita kaɗai, da takardar kama aiki a jaka, ba tsoho mai babbar riga kusa da ita, da ta faɗi gaskiya tsantsa da babbar murya, kuma da doka tana tare da ita har lokacin da za a ɗauke gawa. Irin wannan tuntuɓen kowane ma'aikaci zai yi shi. Abin da ake roƙo kawai shi ne ya yi na farkonsa akwai wani a gefe. Kuɗin istaj kuwa esansin moto ne kawai da abincin ƴan watanni. Ga masu iko da wannan, ga tsofaffin ɗaliban da suka sami wuri, ga duk magajin garin da zai iya ba yaro ɗaki da tabarma, na faɗa. Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri, garkuna sun fara gangarowa, kuma yaron da aka kawo biro ɗinmu yana da tebur mai kyau. Ban ga ya taɓa zagayawa baya ba.

Malam Sale ya rayu shekaru bayan haka. Mukan haɗu a kasuwar Dungas, wajen masu goro. Bai taɓa ɗaga zancen gonar ba, ni ma haka. Sai dai bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya, yakan riƙe hannuna ya ɗan rage murya.

"Mushe, ya gwiwa?"

"Da sauƙi, Malam. Ba ta sake tashi ba."

"Allah Ya sa kada ta tashi."

In ce amin. Shi ma ya ce amin, ya saki hannuna.